An sa hannu a dokar kare yara, me ya sa har yanzu ake kai yaro gidan yarin manya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗan ƙanwata ne, shekararsa 15, aka kama shi tare da wasu samari bisa zargin ƙwacen waya. Ya kwana biyar a caji ofis, daga nan kotu ta tura su gidan yari gaba ɗayansu. Ni kuma na ji a rediyo cewa gwamnanmu ya sa hannu a dokar kare yara. To ina amfaninta? Wasu kuma suna cewa dokar Turawa ce da za ta hana mu yi wa 'ya'yanmu tarbiyya. Wanne za mu kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya kawo masa mafita, Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarsa. Aikina lauya ne, kuma shari'ar yara na cikin abin da ya fi cin lokacina a kotunan majistare. Tunda ba ki ambaci jiharku ba, zan riƙa kafa hujja da Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003, domin daga jikinta jihohi suka ciro nasu. Lambobin sassa kan sauya daga jiha zuwa jiha, wani wurin ma har da abin da sashen ya ƙunsa, saboda haka lauyanku ya duba ta jiharku.

Yaro na tsare, ba a fara da tarihi. Abu na farko shi ne shaidar shekarunsa. In akwai takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, magana ta ƙare. In babu, a nemo katin rigakafinsa na asibiti, ko a je firamaren da ya yi a roƙi hedimasta ya ba da kwafin rijista mai ɗauke da ranar haihuwa. Da wannan lauya zai tsaya gaban alƙali ya ce wanda ake tuhuma yaro ne, a raba shari'arsa da ta manyan, a ba da belinsa a hannun iyayensa, in kuwa belin ya faskara a ɗauke shi daga gidan yari a kai shi gidan ajiye yara. Idan kuɗin lauya ne babu, hukumar tarayya mai ba da lauyoyi kyauta tana da ofisoshi a jihohi, haka ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ku kuma rubuta wa sashen walwalar jama'a na ma'aikatar mata, a rubuce nake nufi, ku karɓi kwafi mai hatimi.

Sai ku bincika da wane suna aka rubuta tuhumar. Wannan ya fi yadda kike zato muhimmanci. In sata aka rubuta, majistare na da hurumi, sulhu da mai waya yana yiwuwa, a biya shi a wuce wurin. In kuwa an ce da wuƙa a hannun ɗaya daga cikinsu, tuhumar ta zama fashi da makami, majistare ba shi da hurumin saurara, sai dai ya ba da ajiya, wato a tsare su a gidan yari, a tura fayil ma'aikatar shari'a a jira shawara. A wannan jiran ne yara ke tsufa a tsare. Fayil ba ya tafiya da ƙafarsa, dole wani a cikinku ya zama mai bibiyarsa.

To, mu koma kan tambayarki. Dokar tana da amfani, kuma abin da aka yi wa yaron nan ya saɓa mata. Abin da ya faru shi ne mun ɓata shekara 20 muna jayayya a kan ɗan yanki guda na dokar, wato shekarun aure, muka bar sauran da ya shafi yaron da aka kama, da wanda aka yasar, da wanda ake azabtarwa, babu mai kula. Da aka zo aka sa hannu, sai aka ɗora sabuwar doka a kan tsofaffi ba tare da an kwance tsofaffin ba, aka kuma bar ta ba kotu, ba ma'aikata, ba kuɗi.

Tsofaffin kuwa sun daɗe. Dokar yara da matasa ta farko a 1943 Turawan mulkin mallaka suka yi ta domin Legas, Jihar Arewa ta samu tata a 1958, jihohin da aka yanka daga baya suka gaje ta. Ita ce ta kawo kotun yara, da gidan ajiya kafin shari'a, da makarantar horo. A wajenta yaro shi ne wanda bai kai 14 ba, wanda ya haura nan kuma matashi ne mai wani hukunci na daban. Tana da ƙofofi biyu da ta bari a buɗe: laifin kisa ba na kotun yara ba ne, sannan in an haɗa yaro da babba a tuhuma ɗaya, kotun manya ce za ta saurara. Ta wannan ƙofa ta biyu ɗanku ya faɗa. A gefe guda ga Final Kot, dokar laifuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, sashe na 50 nata ya ce wanda bai kai shekara 7 ba ba ya laifi, daga 7 zuwa ƙasa da 12 kuma sai an tabbatar hankalinsa ya kai ya gane abin da yake yi. Daga shekarar 2000, da Zamfara ta buɗe hanya, jihohi 12 suka kafa dokokin laifuka na shari'ar Musulunci, waɗanda ma'auninsu balaga ne. Kin ga ke nan tun kafin sabuwar doka ta zo, ma'auni uku ake da su na auna wane ne yaro.

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, amma sashe na 12 na kundin tsarin mulki ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai majalisa ta mai da ita doka. A 2003 Shugaba Obasanjo ya sa hannu a Dokar Haƙƙin Yara. Sai dai sha'anin yara ba ya cikin abubuwan da kundin ya ba Majalisar Tarayya ta yi wa ƙasa duka doka a kai, na jihohi ne, shi ya sa dokar 2003 a Abuja kaɗai take da cikakken ƙarfi, kowace jiha sai majalisarta ta yi tata. Legas ta yi a 2007. Yawancin jihohin arewa maso yamma da arewa maso gabas suka ja da baya, dalili kuwa sananne ne: dokar ta ce yaro shi ne duk wanda bai kai 18 ba, sashe na 21 kuma ya haramta aurar da shi. Malamai suka ce ba za ta saɓu ba. Kundin tsarin mulkin kansa ya ba su madogara, tunda ya cire auren Musulunci da na gargajiya daga hurumin tarayya, sashe na 29 kuma ya ɗauki matar aure a matsayin wadda ta kai munzali, abin da ya tayar da ƙura a Majalisar Dattawa a 2013. Daga baya aka samo mafita: jihohi suka zauna da malamai da sarakuna, aka sassauta ko aka cire abin da ake ganin ya ci karo da addini, yawanci aka sauya sunan zuwa dokar kare yara. Kaduna ta yi a 2018, Katsina a 2020, Sakkwato da Jigawa a 2021, Borno da Zamfara a 2022, Kano kuma a watan Mayun 2023, kwanaki kaɗan kafin Gwamna Ganduje ya sauka. Maganar shekarun aure ba ta mutu ba, ina kuma da ra'ayina a kanta, amma ba ita ce ta kai ɗanku gidan yari ba, don haka zan bar ta nan.

Ga abin da dokar 2003 ta tanada wa yaron da ake zargi da laifi. Sashe na 204 ya ce ba a saka shi a tsarin shari'ar laifuka ta manya, tsarinsa daban. Sashe na 211 ya ce da zarar an kama shi a sanar da iyayensa, a kuma duba yiwuwar sakinsa ba tare da ɓata lokaci ba. Sashe na 209 ya ba ɗan sanda da mai gabatar da ƙara ikon kashe ƙaramar magana ba sai an je kotu ba, ta hanyar sulhu, ko biyan diyya, ko sa ido. Sashe na 212 ya ce tsarewa kafin shari'a ita ce zaɓi na ƙarshe, kuma na ɗan gajeren lokaci. Sashe na 221 ya hana ɗaure yaro a kurkuku, ya hana yi masa bulala a matsayin hukuncin kotu, ya hana yanke masa hukuncin kisa. Kotun da za ta saurara kuwa kotun iyali ce, mai mataki biyu, na majistare da na babbar kotu, alƙali na zama da mataimaka biyu masu sanin halayyar yara, ba a cika ta da 'yan kallo, ba a kuma buga sunan yaron a jarida.

Duk wannan ginin a kan lamba ɗaya ya tsaya, wato shekarun da aka rubuta. Bari in nuna miki yadda ake rubuta ta. An kawo yara caji ofis da daddare. Ɗan sandan da ke kan kanta ya ɗaga kai ya dubi yaro, ya ga ya yi tsawo, gashin baki ya fara tsirowa. Ya ce shekararka nawa? Yaro ya ce sha biyar. Ya ce ƙarya kake, ya rubuta 18, wani lokacin 19 don kada a yi gardama. Ba lallai mugunta ce ta sa shi ba. In ya rubuta 15 ya jawo wa kansa aiki: neman iyaye, neman jami'in walwala wanda wayarsa ba ta shiga, neman ɗakin da zai ajiye yaron shi kaɗai, neman man motar da za ta kai shi gidan yara da ke can babban birnin jiha. In ya rubuta 18, gobe da safe mota ɗaya ta kwashe kowa. A kotu kuma akawu ya karanta tuhuma da Turanci, tafinta ya fassara a gurguje, majistare na da shari'u masu yawa a gabansa, yaran na tsaye a jere cikin akwati kansu a sunkuye. In ba wanda ya miƙe ya ce ranka ya daɗe, na uku daga hagu yaro ne, lambar nan ta zauna ke nan. Ma'aikacin gidan yari shi ma da takarda yake aiki.

Abin da ya sa wannan ke tafiya salin-alin shi ne rashin takardar haihuwa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2021 ya nuna kashi 57 cikin 100 ne na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rijistar haihuwa a faɗin ƙasar, a karkarar Arewa kuwa abin ya fi haka ƙasa. Yaron da ba shi da takarda, shekarunsa na hannun wanda ke riƙe da biro. Shi ya sa a ganina gyaran da ya fi kowane gaggawa jimla ɗaya ce: duk wanda ya ce shi yaro ne, ko kamanninsa suka nuna haka, a ɗauke shi yaro har sai mai ƙara ya kawo hujjar akasin haka, kuma alƙali ya rubuta a littafinsa yadda ya tantance shekarun kafin ya ba da ajiya. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Ƙasar nan gaba ɗaya ta ga irin wannan da idonta ranar 1 ga Nuwamban 2024. An gurfanar da mutanen da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, akasarinsu daga Kano da Kaduna, cikinsu da yara da dama, bisa tuhumar cin amanar ƙasa. Sun yi kusan wata uku a tsare. Huɗu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu, aka sa belin naira miliyan 10 a kan kowane. Da bidiyon ya karaɗe waya, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, aka janye tuhumar cikin 'yan kwanaki. Ki lura da wurin: Abuja ce, inda dokar 2003 take aiki kai tsaye, babu batun jiha ba ta amince ba. Kuma ba sashe na 204 ne ya fitar da su ba, bidiyo ne. Ɗanku ba shi da mai ɗaukar bidiyo, shi ya sa nake nanata takarda da lauya.

Ko da alƙali ya yarda yaro ne, sai a tambayi ina za a kai shi. Gidajen horon matasa na tarayya da ake kira bosta, waɗanda dokarsu ta 1962 ce, uku ne aka daɗe da sani: Kaduna, Ilori da Abekuta, na 'yan shekara 16 zuwa 21, kuma na maza. Gidajen ajiye yara kafin shari'a na jihohi ne, ƙarƙashin ma'aikatar mata, kamar na Goron Dutse a Kano, galibi ɗaya ko biyu a jiha mai ƙananan hukumomi barkatai. Majistaren da ke zaune nesa da babban birni yakan ga gidan yarin da ke bayan kotunsa ya fi masa sauƙi. Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019 ta ce kada a ajiye yara a gidan manya, har ta ce a gina bosta ta maza da ta mata a kowace jiha. Rubutawa aka yi, gini kuwa sai a hankali. Ni ma ba gini nake fata a fara da shi ba. Yawancin yaran da na tsaya wa ba su buƙatar katanga. Suna buƙatar a mai da su gida bisa sharaɗi, da jami'in da zai riƙa leƙa su, da makaranta ko wurin koyon sana'a. Yaron da ya shiga gidan yari da zargin satar waya yakan fito ya san masu sayen kayan sata, ya san ƙwaya, ya san wanda zai nema in ya shiga matsala. 'Yan daba a Kano, sara-suka a Bauchi, kalare a Gombe, ƙauraye a Katsina, ba ƙaramin kaso na tarbiyyarsu a tsare suka samo ta ba.

Sulhun nan da sashe na 209 ya ba da dama, mu ba baƙonmu ba ne. Mai unguwa, dagaci, limami, Hisba, tun fil azal suke kashe irin wannan wuta. Abin da ya rage shi ne doka ta ba shi tsari: wane laifi ne ake sulhu a kansa, wane ne ba a yi, wa zai rubuta, wa zai bibiya, sannan a tabbatar yaro bai amsa laifin da bai yi ba don kawai a rabu da shi. Sai kuma a yi hattara da juya abin. Fyaɗe da aka yi wa yarinya ba abin sulhun zaure ba ne, ko da wanda ya yi ɗan mai unguwa ne.

Akwai giɓin da dokar 2003 kanta ta bari: ba ta faɗi mafi ƙarancin shekarun da za a kama yaro da laifi ba, saboda haka shekara 7 ɗin Final Kot na nan daram. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ya ba da shawara a 2019 cewa kada ya gaza 14. A nan ne nake mamakin masu cewa duk wannan na Turawa ne. Shekara 7 ɗin ce ta Turawa, daga dokar Ingila aka gado ta. Hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu da yaro har sai ya balaga. A mazhabar Malikiyya da muke bi, in alamomin balaga ba su bayyana ba, mashhurin zance shi ne sai ya cika 18. Ba a tsayar wa wanda bai balaga ba haddi ko ƙisasi, sai ladabtarwa, ɓarnar da ya yi kuma a biya daga dukiya. Inda saɓani na gaskiya yake shi ne ɗan 15 ko 16 da ya riga ya balaga: fiƙihu na ganinsa mukallafi, dokar yara na ganinsa yaro. Wannan ba a warware shi da kawar da kai. Dole majalisar jiha ta faɗa ƙarara wace doka ce ke sama in an kai irin wannan yaro kotun shari'a, wace kotu ce ke da hurumi, in ba haka ba makomarsa ta dogara ne da ƙofar da ɗan sanda ya ga damar shigar da shi. A 2014 kotun ECOWAS ta samu Najeriya da laifi a kan hukuncin kisa da aka yanke wa wata yarinya a Katsina bisa abin da aka ce ta aikata tana da shekara 13. Irin abin da rashin fayyacewa ke haifarwa ke nan.

Batun tarbiyya kuwa, ki kwantar da hankalinki. Dokar 2003 a sashe na 19 ta ɗora wa yaro girmama iyayensa da na gaba da shi, sashe na 20 kuma ya ɗora wa iyaye shiryar da shi da ladabtar da shi da ilimantar da shi. Ba wanda zai kama ki don kin tsawata wa ɗanki ko kin hana shi yawon dare. Abin da ta hana shi ne azabtarwa, ƙona hannu don an ɗauki nama a tukunya, ɗaurewa a turke, hana abinci kwana da kwanaki, da tura yaro bara ko tallan da zai raba shi da karatu. Wanda ya tuna abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna a watan Satumban 2019, mutum sama da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, sannan aka sake samun irinsa a Daura bayan 'yan makonni, ya san ba a kan tsawa ake magana ba. Amma a faɗi gaskiya, iyayen da suka kai 'ya'yansu can da kuɗinsu suka kai, saboda yaro ya gagare su kuma hukuma ba ta tanadar musu wani wuri ba. An rufe gidajen, buƙatar da ta haife su tana nan. Dokar da ta tsaya a haramtawa, ba ta kafa rijista da duba-gari na irin waɗannan wurare ba, ba ta kuma buɗe wa uwar kangararre ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba, ta koma da su ɓoye ne kawai. Haka aka yi da almajirai lokacin korona a 2020, gwamnoni suka yi ta lodin yara a motoci kowa na mayar wa ɗan'uwansa, ba da jimawa ba da yawa suka dawo.

Ɗaya abin da ya tsorata mutane shi ne ɗaukar ɗan wani ya zama naka. Musulunci ya hana a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, kamar yadda ya zo a farkon Suratul Ahzab, amma ya kwaɗaitar da riƙon maraya. Ita kanta yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya, a sashe na 20, ta ambaci kafala ta shari'ar Musulunci da sunanta a cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyaye. Riƙo kuwa kowane gida a ƙasar Hausa ya san shi. Abin da doka za ta ƙara shi ne rubutu da bibiya, domin 'yar riƙon da aka mayar baiwa, da jaririn da aka tsinta aka miƙa wa wanda ba a san shi ba, su samu mai tambayar lafiyarsu. Fiƙihunmu ya riga ya tsara reno, uwa ce a gaba, sai kaka ta wajen uwa, ciyarwa kuma a kan uba take ko an rabu. Da kotuna na tilasta ciyarwar nan yadda ya kamata, da yaran da ke kwana a tasha sun ragu.

Duk abin da na lissafa a wuyan mutum ɗaya yake rataye, wanda ba a ko ambatonsa ranar bikin sa hannu: jami'in walwalar jama'a. Shi zai je caji ofis, shi zai binciko gidan su yaro ya rubuta wa kotu rahoto, shi zai bibiyi wanda aka saka bisa sharaɗi, shi zai ɗauko yarinyar da ake azabtarwa. Na sha zuwa ofishinsu a ƙananan hukumomi in tarar da mutum ɗaya ko biyu, tebur da kujera, babu babur, babu kuɗin mota, wani ma daga aljihunsa yake saya wa yaron da aka kawo masa abinci. Alƙalin da ba shi da rahoton wannan jami'i ba shi da abin da zai dogara da shi ya saki yaro, sai ya zaɓi abin da ba za a zarge shi a kai ba, wato ajiya.

Saboda haka in kun samu zama da ɗan majalisar jiharku, ko ƙungiyarku ta mata ta samu gayyata zuwa jin ra'ayin jama'a, kada ku tsaya a tambayar ko an sa hannu. Ku tambaya ko an buga dokar a gazet, wato jaridar dokoki ta gwamnati, an raba wa alƙalai da DPO-DPO, ko an fassara ta da Hausa. Ku tambaya ko ta soke tsohuwar dokar yara da matasa a fili, ko ta rufe ƙofar haɗa yaro da babba a tuhuma ɗaya. Ku tambaya ko Babban Jojin jiha ya ware kotunan iyali ya naɗa mataimakan alƙali ya fitar da ƙa'idojin zama, da kuma nawa aka sa wa sashen walwala a kasafin bana, nawa aka saki. Akwai kuma wani tanadi a dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, sashe na 34, wanda jihohi da dama suka kwafa, da ya wajabta wa majistare ziyartar caji ofis na yankinsa duk wata ya duba waɗanda ke tsare. Ku nemi a ƙara masa layi ɗaya: a kowace ziyara a ware sunayen duk wanda ake zaton bai kai 18 ba, da ranar da aka kama shi, a aika wa Babban Joji da kwamishinar mata, haka ma shugaban kowane gidan yari ya riƙa aikawa duk wata.